Ku zo Damagaram ku ga samanmu: buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga masu horar da matasa ilimin taurari

Zuwa ga shugabannin ƙungiyar masana taurari ta duniya IAU, musamman ofishinta na raya ƙasashe da ke Cape Town da reshensa na Afirka ta Yamma da ke Nsukka, da masu shirya makarantun horo irin su ISYA da PASEA da NASE, sannan da namu na gida, magabatan ilimi na Yamai da na jahar Damagaram.

Assalamu alaikum, ranku ya daɗe.

Na san yawancinku ba ku jin Hausa, kuma da gangan na rubuta da ita. In takardar nan ta iso gare ku sai ku nemi mai fassara muku, ai mu ma haka muke yi da fom ɗinku duk lokacin da kuka fitar da sanarwa, mu zauna da ƙamus da wani yaro da ya yi karatu a Kano muna haɗa kalma da kalma har dare ya raba. Ba da faɗa na zo ba wallahi, roƙo ne, amma roƙon wanda ya daɗe yana leƙe ta taga.

Ni mushe ne, wato malamin makaranta, fizik nake koyarwa a wani lise nan cikin garin Zinder. Abin da ya jefa ni cikin sha'anin sama kuwa ranar Laraba ce, 29 ga Maris 2006, ina ajin birebe. Duk wanda ya yi wayo a garin nan lokacin ya san ranar. Da hantsi, ƙarfe 11 bai ma cika ba, hasken rana ya fara wani irin ja baya kamar an zuba ma gari toka, iska ta yi sanyi alhali muna bakin bazara, kaji suka nufi akurki, kakata tana ta rufe randa da tukwane tana salati, maza suka yi masallaci sallar kusufi, mu kuwa yara muna ƙarƙashin dalbejiya sai muka ga ɗigon hasken da ke ratsowa ta ganye duk ya koma siffar jinjirin wata a ƙasa, ɗaruruwa. Sai kawai dare ya yi. Wani tauraro ya fito fes, daga baya na san Zara ce. Mintoci kaɗan aka yi amma ni har yau ban gama fita daga cikinsu ba. Washegari na tambayi mushenmu, Allah ya jiƙansa, ya zana da'ira uku a allo ya ce wata ne ya shiga tsakanin rana da ƙasa. Na ce to mushe ai wata yana zagayowa duk wata, don me ba a yin haka duk wata? Ya yi shiru ya ce in zauna. Ban ga laifinsa ba, shi ma nan aka tsaya masa. Amsar kuwa ba ta da wuya, hanyar wata a karkace take da kamar digiri 5 daga hanyar da duniya ke bi, shi ya sa galibi inuwar ke wucewa ta sama ko ta ƙasa, amma sai da na je jami'a na ji ta. Turawa sun biya kuɗin jirgi sun zo har Tenere don su ga inuwar nan, mu ta same mu har gida ba wanda zai yi mana bayani.

Na bi aikinku na karanta, kuma gaskiya a yaba muku. Tun 1967 kuke yin ISYA, kuna tara matasa na kamar sati uku tare da manyan masana, kun yi ta a Nsukka tun 1978, kun yi a Maroko da Masar, kun yi a Habasha a 2017. A 2011 kun buɗe ofishin Cape Town wanda ke ba da tallafin ƙananan ayyuka duk shekara. Makarantar matasan Afirka ta Yamma ta fara a Abuja a 2013, ta je Nsukka a 2015, Gana a 2017, ta dawo Abuja a 2019, sannan ta faɗaɗa ta koma PASEA ta je Zambiya a 2022. A Agusta 2024 babban taronku ya sauka Afirka karo na farko tun kafa ƙungiyar a 1919. Ga kuma DARA da Ingila ta tallafa, masu koyar da sauraron sama da manyan farantai, wadda ke aiki da ƙasashe 8 abokan Afirka ta Kudu a aikin SKA na gina babban jerin farantan sauraron sama, kuma cikin takwas ɗin Gana ce kaɗai ta yankinmu, ita ce ta mai da tsohon farantin sadarwa mai faɗin mita 32 a Kuntunse ya koma na bincike a 2017. Duk wannan alheri ne. Sai dai in ka ɗauki taswira ka sa ɗigo duk inda na lissafa za ka ga ɗigon sun kewaye mu, kamar hadarin da ya zuba a Magariya ya zuba a Tanut ya bar Zinder da ƙura.

Sau ɗaya na taɓa neman shiga ɗaya daga cikin irin makarantun nan, ba zan kama suna ba don ba su yi min komai ba, ƙa'idarsu suka bi. Fom da Ingilishi, wasiƙar bayyana dalili da Ingilishi, a kawo shaidar malamai biyu masu bincike da suka san aikinka, a faɗi irin binciken da kake yi. Wane bincike? Ina da aji na yara sun haura 80 da alli rabin kwali. Na yi kwana uku ina rubutu a waya, ranar ƙarshe aka ɗauke wuta tun la'asar, na hau kabu-kabu na je wajen wani abokina mai sola, muna cikin ɗora takardu rezo ya tafi, ya dawo bayan sha biyun dare an rufe. Na yi dariya kawai, don ko da ta shiga na san ba irina ake nema ba. Ana neman mai mastar da zai zama dakta. Kuma daidai ne a neme shi. Amma wa zai haifar muku mai mastar ɗin in yaron lise bai taɓa sa ido a teleskof ba, kuma mushensa ma bai taɓa ba? Ana ta gyaran rufin soro ne ba a tona tushe ba.

Maganar harshe ita ce babba. Mu da Faransanci muka yi lakwal, da Hausa muke tunani, kuma tun 2025 ma hukuma ta ayyana Hausa harshen ƙasa. Ɗalibina mafi kaifi a lissafi in ka sa shi gaban farfesa mai zuba Ingilishi sai ya zama kurma, a ɗauka bai san komai ba. Ba mu ƙi koyon Ingilishi ba, dole ne ga mai son bincike, amma ba a fara koya ma yaro iyo a tsakiyar gulbi.

To me muke da shi da za ku zo dominsa? Sama dai na farko. Zinder tana wajen digiri 14 arewa, wato tauraron arewa yana nan ƙasa-ƙasa bisa rufin gidaje, kuma cikin bazara da dare in ka juya kudu ka ga taurarin gicciyen kudu waɗanda mutumin Faris ba zai taɓa gani daga gidansa ba. Ka fita bayan gari kaɗan, hanyar Tanut ko ta Gure, ba fitila ba komai, sama ta sauko har kamar ka miƙa hannu. Abin da wasu ke kuka da shi na hasken lantarki da ya cinye musu taurari mu rashin wuta ya yi mana maganinsa, Allah ya sa dai kar a ce na yi addu'ar a ci gaba da ɗaukewa. Ba zan ɓoye muku ba, in hazo ya sauko daga Disamba zuwa Fabrairu wani dare ko wata da ƙyar kake gani, cikin damina kuma gajimare. Amma bayan ruwa ya ɗauke, Oktoba da Nuwamba, sama wankakkiya ce.

Na biyu, ba ga jahilan sama za ku zo ba. Akwai wani tsoho maƙwabcinmu a Birni, malamin zaure, bai taɓa shiga lakwal ba, amma zai jero maka taurari 28 na shekara a ka, kowane da kwana 13, Jabaha ita kaɗai 14, ka haɗa ka samu 365 cif. In ya ce yau Zira'a ta shiga, ko Nasara, ko Ɗarfa, manoman unguwa sun san me ake nufi game da shuka da ruwa. Na taɓa kai shi ajina, wanda dokar lakwal ba ta tanada ba amma darakta ya kau da kai. Ya zauna bisa kujerata da carbinsa, yara suna ta ƙus-ƙus, sai ya tambaye su wa ya san lokacin da Kaza da ƴaƴanta ke ɓacewa da lokacin da take dawowa da asuba. Ba ko ɗaya. Ya ce to ku me ake koya muku? Ni kuma na zana musu yadda duniya ke kewaya rana har rana ta rufe wasu taurari na wani lokaci, tsohon ya kalli allo ya daɗe ya ce, ashe dalilin ke nan. Shi yana da lissafin ba shi da zanen, ni ina da zanen ban da lissafin. Haka Buzaye masu azalai da ke ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma ɗauko gishiri, suna da Amanar, suna da sunan kowane gungu, da su suke kama hanya inda ba itace ba dutse. Tsofaffin nan suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya kuma ba mai rubutawa. In kun zo da darasi, ku zo da rikoda ma, ku ma ku zauna a tabarma.

Kar ku ce sai da kayan miliyoyi. Bara na yi wani abu da ƴan ajina wanda har yanzu suke maganarsa. Ɗan baffana yana koyarwa a Kano, kuma Kano kusan kudu sak take da mu. Muka shirya rana ɗaya, kowa ya kafa sandar mita ɗaya a filin makaranta, muka rataya dutse da zare don ta miƙe daidai, yara suka dinga sa alama a bakin inuwa duk minti biyar har ta kai gajartarta ta fara tsawo. Rana tana dukanmu, wata yarinya ta riƙe min waya muna WhatsApp da su. Muka lissafa kusurwa, muka ga bambancinmu da su kamar digiri 2. Na ce to in digiri 2 ya ba da tafiyar Zinder zuwa Kano, kilomita 240 a mota, digiri 360 fa? Suka duƙa, wani yaro ɗan Kara-kara da ba ya cika magana ya ɗaga hannu ya ce 43,200. Na ce ka auna ƙugun duniya ke nan, ainihinsa wajen 40,000 ne, kuma rarar laifin hanyar mota ce da ke lanƙwasa da laifin sandarmu. Yaron ya kalli sandar ya kalle ni ya ce mushe da wannan? Kuɗin da na kashe duka bai kai jika ɗaya ba, kuɗin kiredi ne. Haka nake nuna musu ranar da inuwa ke ɓacewa ƙarƙashin ƙafa da tsakar rana, sau biyu a shekara a nan, ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta. Haka ranar 27 ko 28 ga Mayu da 15 ko 16 ga Yuli, lokacin da rana ke tsayawa daidai bisa Ka'aba, wajen ƙarfe goma da minti 18 a na Mayu da goma da minti 27 a na Yuli agogon Nijar, duk wanda ya fuskanci rana a lokacin ya fuskanci alƙibla. Wannan kam har limamin unguwarmu ya aiko a gwada masa. Duk a intanet na tsinto su ɗaya-ɗaya, ba wanda ya koya min, kuma na san akwai kurakurai a yadda nake yi. Da na ji NASE irin wannan take koya ma malamai, da kwali da almakashi da zare, cikin ƴan kwanaki kuma da harsuna da yawa, sai na ce to ai mu ake nufi, me ya hana?

Akwai kuma abin da ke ci min rai. A Nuwamba 2023 an tsinci wani dutse a jahar Agadas mai nauyin kusan kilo 25, aka gano daga duniyar Mars ya fito, kuma shi ne mafi girman irinsa da aka taɓa samu a doron ƙasa. A Yuli 2025 aka yi gwanjonsa a New York kan sama da dalar Amurka miliyan 5. Sai bayan an sayar muka ji, gwamnati ta buɗe bincike kan yadda ya fita. Ban san me binciken zai haifar ba kuma ba shi ne maganata ba. Maganata ita ce da a ce makiyayi ko direba ya kawo irin dutsen nan lise ɗinmu ya ce mushe duba min, wallahi da ban gane shi ba, da na ce ya kai a sa a murhu. Akwai ma wani ɗan ƙaramin dutsen sama mai giram 46 da aka samu a 1999, a littattafan masana sunansa Zinder, sunan garinmu, kuma na tambayi abokan aikina ba wanda ya taɓa jin labarinsa. Hamadarmu tana tara abin da sama ke zubarwa, wasu na zuwa su kwashe, mu ko sunan abin ba mu sani ba.

Maƙwabta sun nuna ana iyawa kuma su ma da Faransanci suka yi karatu. Burkina ta buɗe ɗan ɗakin kallon taurari a jami'ar Wagadugu tun 2007, ta karɓi taron IAU a 2010, kuma daga can Marie Korsaga ta fito ta zama dakta a ilimin taurari. Senegal kuwa a 2018 mutanen NASA, hukumar sararin samaniyar Amurka, suka je da teleskof masu ɗaukuwa suka haɗa kai da ƴan ƙasa don su kama daƙiƙar da wani dutse can bayan duniyar Neptune zai gitta gaban tauraro, suka sake komawa a 2020 da 2021, yau ga Maram Kaire an sa ma wani dutsen sararin samaniya sunansa kuma shi ke jagorantar hukumar sararin samaniyar ƙasarsu. Me suke da shi da ba mu da shi? Mutum biyu-uku da suka nace, da hukuma da ta amsa wasiƙa. Mu ma ai ƙasar Abdou Moumouni Dioffo ce, ɗan Tasawa da ya yi suna a binciken hasken rana har jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa.

Don haka abin da nake roƙo ba mai yawa ba ne. Ku kawo horon malamai guda ɗaya nan Zinder, da Faransanci da Hausa, ko na kwana huɗu ne. Kar a tsaya Yamai, don Yamai kusan kilomita 900 ce daga nan, kwana guda cur a bas, alhali daga nan malaman Maraɗi da Difa da Agadas duk za su iya haɗuwa, kuma Kano na kusa in masu horon daga Najeriya za su fito. Muna da jami'a, muna da makarantar horon malamai, ɗaki ba zai gagara ba. Ku ɗauki malaman kwaleji da lise har da ƴan kwantaragi, ku tabbatar akwai mata a ciki don ƴan matan ajina sun fi samarin tambaya amma ba a barinsu fita kallon dare sai in da madam. In kun tashi tafiya ku bar ko ƙananan teleskof biyu-uku a hannun wanda za a iya tambaya, ba a ofishin da za a kulle su a kabad har gara ta ci kwalin ba, kuma ku dawo bayan shekara ku ga me aka yi da su. Mun gaji da irin formasiyon da ake zuwa a ci shinkafa a karɓi perdiyam a ɗau hoto a watse. In maganar tsaro ce ke hana wasunku zuwa, na fahimta, to ku horar da mutum biyar daga cikinmu a Abuja ko Nsukka da mai fassara, su dawo su horar da saura. A fom ɗinku kuma ku buɗe ƙofa ɗaya ta malamin aji wanda ba shi da bincike sai yara.

Ku kuma namu na gida, ranku ya daɗe, waɗannan mutane ba sa zuwa sai an gayyace su. Ofishin Cape Town yana buɗe neman tallafi duk shekara, muna bukatar jami'a ko ma'aikata ta sa hannu ta ce ga mu, ga ɗaki, ga wanda zai riƙe aikin. Ni mushe ne kawai, takardata ba ta da tambari. Ku naɗa ko mutum ɗaya a sashen fizik wanda aikinsa ke nan, ya rubuta, ya bibiya, mu kuma za mu yi masa dakon kaya. Kuma duk shekara muna zaman jiran ganin watan azumi da na salla, ana gardama a majalisa har a ɓata, alhali yaron da aka koya ma lissafin tsayuwar wata zai iya gaya ma masu duba inda za su kalla da tsawon lokacin da jinjirin zai yi kafin ya faɗi. Ban ce lissafi ya maye gurbin gani ba, wannan na malamai ne, na ce dai ya taimaki ido.

Ranar 2 ga Agusta 2027 akwai wani kusufin rana, cikakkensa zai bi ta Maroko da Aljeriya da Tunisiya da Libiya ya kai Masar inda duhun zai haura minti 6 a wajen Luksor. Mu nan ɓangare za mu gani, in hadari ya bari, don tsakiyar damina ce kuma yara na hutu, wato in ba a shirya malamai tun kafin a rufe lakwal ba haka za su kalle ta da baƙin gilashin walda na bogi ko tsohon fim ɗin asibiti su lalata idanunsu. Ni dai na fara tara kwalaye ina huda su, ina koya ma ƴan ajina su juya ma rana baya su kalli hotonta a ƙasa, amma ni ɗaya ne kuma lise ɗaya ne.

In za ku zo ku zo cikin Nuwamba, lokacin an gama girbi, sama ta wanke, hazo bai sauko ba. Za mu hau duwatsun Birni bayan isha'i, tsohon nan maƙwabcina ya ce in ƙafarsa ta bari zai hau tare da mu, yana son ya ga zoben duniyar Zuhal da na ce masa akwai, don har yau bai yarda ba.

Wassalam. Naku,
wani malamin fizik, Zinder.